Hatsi a kasuwa, yunwa a gida

A watan Yuli na shekarar 2005, duk wanda ya shiga kasuwar Maraɗi da kuɗi a aljihu bai fita hannu rabbana ba. Akwai hatsi, akwai dawa, akwai masara da shinkafa ƴar waje, masu awo na zaune gaban tiyoyinsu suna jiran mai saye. A cikin garin nan dai, likitocin ƙungiyar MSF sun kafa tantuna suna awon damtsen yaran da tamowa ta tsotse, iyaye mata kuma sun ja layi tun asuba, wasu sun yi tafiyar yini guda a ƙasa da goyo a baya. A wannan shekara kaɗai ƙungiyar ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, jihar da ake yi wa kirari da rumbun ƙasa.

Tun cikin bazara ake roƙon a raba cimaka kyauta ga waɗanda ba su da abin saye. Amsar da ta fito daga gwamnati da ƙasashe masu ba da tallafi, waɗanda ke zaune tare a kwamitin rigakafin ƙarancin cimaka, ita ce rabon kyauta zai ɓata kasuwa, ya karya gwiwar ƴan kasuwa, ya saba wa talaka da zaman jiran sadaka. Sai aka tsaya a kan sayarwa da rahusa, buhu mai kilo 100 a jika 10. Magidancin da ya riga ya sayar da akuyar matarsa ta ƙarshe, jika 10 da jika 30 duk ɗaya suke a wurinsa. Ba a canza shawara ba sai da hotunan gidan talabijin na BBC suka zagaye duniya, kuma rabon kyauta bai kankama ba sai cikin watan Agusta, lokacin da hatsin gona ya kusa nuna. Ihu bayan hari ke nan.

Wannan magana ta kada a ɓata kasuwa ba a Yamai aka haife ta ba. Tana da uba da kakanni, tana kuma da maƙabartu a nahiya uku, kuma ya kamata malamin da ke koyar da tarihi ko tattalin arziki a lise ya san asalinta kafin ya rubuta ta a allo kamar lissafin biyu da biyu huɗu.

Kakanta shi ne Adam Smith, malamin falsafa ɗan ƙasar Sikotilan, wanda littafinsa a kan arzikin al'ummai ya fito a 1776. A cikin littafin ya keɓe wani dogon sashe ga cinikin hatsi. Hujjarsa ba ta wauta ba ce, kuma adalci ne a faɗe ta yadda take. A ganinsa, idan damana ta yi gardama, ɗan kasuwar da ya ɗaga farashi tun da wuri yana yi wa jama'a aiki ko da bai yi niyya ba, domin tsada na tilasta wa kowa ya rage ci, ta haka ɗan abin da aka samu zai kai har kaka mai zuwa. Ya kwatanta shi da shugaban jirgin ruwa wanda ya ga guzuri zai ƙare kafin a kai gaɓa, sai ya rage rabon ma'aikatansa. Ya ce tsoron da jama'a ke yi wa masu ɓoye hatsi bai da bambanci da tsoron mayu, ya kuma ɗora laifin kowace babbar yunwa a kan gwamnatocin da ke tsoma hannu a ciniki da sunan magani.

Kwatancin jirgin nan shi ne inda gizo ke saƙa. Shugaban jirgi idan ya rage rabo, kowa ya rage wa, daga mai tuƙi har mai wanke tukunya. Kasuwa ba haka take rabo ba. Idan tiya ta ninka kuɗi, gidan alhaji ba a fasa tuwon dare, ma'aikacin gwamnati ya yi gunaguni ya saya, ragin duka sai ya faɗa a kan ɗan barema da bazawara da makiyayin da bisashensa suka rame. Lissafin ƙasa zai nuna cewa an rage ci kuma hatsi ya kai kaka. Abin da lissafin ba ya nunawa shi ne a cikin wane ne aka yi ragin.

Faransa ta ɗanɗana tun kafin littafin ya fito. A 1774 Turgot, ministan kuɗin sarki Luwi na 16, ya saki cinikin hatsi daga duk wani takunkumi, aka yi rashin sa'a girbi bai yi kyau ba, burodi ya yi tsada, a bazarar 1775 talakawa suka fasa rumbuna da gidajen burodi a boren da ake kira yaƙin gari. Amma Ingila ce ta mai da ra'ayin aƙida, ta kuma gwada shi a kan mutanen da take mulka. A ƙasar Ailan, ciwo ya kama dankali daga 1845. Babban jami'in baitulmalin da ke riƙe da aikin agaji, Charles Trevelyan, ya yi karatu a kwalejin Haileybury inda Thomas Malthus ke koyarwa, Malthus ɗin nan da ya rubuta a 1798 cewa yawan haihuwa na tsere wa abinci, kuma tallafa wa matalauta ƙara yawansu kawai yake yi. Jiragen ruwa suka ci gaba da fita da hatsi da shanu daga Ailan zuwa Ingila alhali mutane na mutuwa a bakin hanya. Kusan mutum miliyan 1 suka mutu, wani miliyan 1 ya yi hijira. Abin takaicin shi ne a tsakiyar 1847 gwamnati ta buɗe gidajen dafa abinci har suka ciyar da mutum kusan miliyan 3 a rana, mutuwa ta ja baya, sannan aka rufe su bayan ƴan watanni. Ashe da ma iyawa ba ta gagara ba.

Labarin Indiya ya fi wannan ɗaci, domin mutum ɗaya ne ya yi gwajin biyu. A 1873 zuwa 1874 fari ya afka wa yankin Bihar. Jami'in da aka ɗora wa aikin, Richard Temple, ya sayo shinkafa ton dubu ɗaruruwa daga Bama, ya raba, ya buɗe ayyukan ƙwadago, aka fita daga farin kusan ba a rasa rai ba. Ladan da ya samu a Landan shi ne zargi: wai ya yi almubazzaranci da dukiyar gwamnati, ya koya wa Indiyawa lalaci. Mutumin ya ɗauki darasi. Da fari ya dawo a kudancin ƙasar a 1876, ƙarƙashin gwamna Lytton wanda ya hana a taɓa farashi ko a tsai da fitar da hatsi, aka tura Temple yankin Madras, ya yanke rabon mai fasa dutse a sansanin agaji zuwa abin da bai kai rabin kilo na hatsi a yini ba. A waɗannan shekaru alkamar Indiya na ta sauka a tashoshin Ingila, a watan Janairu na 1877 kuma aka yi gagarumin hawan daba a Delhi don naɗa sarauniya Biktoriya sarautar Indiya. Mutum fiye da miliyan 5 suka mutu. Kasuwa kam ba ta ɓaci ba.

Bayan karayar tattalin arzikin duniya ta 1929 aƙidar ta yi sanyi. John Maynard Keynes ya nuna a littafinsa na 1936 cewa kasuwa na iya kwanciya shekara da shekaru da miliyoyin marasa aiki ba ta tashi da kanta ba, sai gwamnati ta kashe kuɗi ta tashe ta. A wannan zamani ne ƙasashen Afirka suka samu ƴancin kai, kowace ta kafa ofisoshinta na sayen amfanin gona. Nijar ta kafa SONARA don gyaɗa, ta kafa OPVN a 1970 don cimaka.

A nan wajibi ne a ba abokan gaba haƙƙinsu, don laifi tudu ne. Friedrich Hayek ya rubuta wata maƙala a 1945 wadda har yau ba a rushe ta ba. Ya ce sanin abin da ake da shi da abin da ake buƙata a warwatse yake cikin kawunan dubban mutane, babu ofishin da zai iya tattara shi, farashi ne ke ɗauke da labarin daga wannan gari zuwa wancan. Duk wanda ya san dillalan hatsi ya san gaskiyar wannan: kafin rahoto ya isa teburin minista, ɗan kasuwar Tasawa ya riga ya san nawa buhu ya kwana a Jibiya da Dawanau. Ofisoshin gwamnati kuwa sun sha sayen amfanin manomi da arha don ciyar da birni, sun sha zama saniyar tatsa ga masu mulki. Ɗaya daga cikin dalilan da sojoji suka bayar da suka kifar da Diori Hamani ran 15 ga Afrilu 1974 shi ne yadda aka yi da cimakar agaji a lokacin fari. Yunwar da ta fi kowace kisa a ƙarni na 20, ta ƙasar Sin daga 1959 zuwa 1961, ta faru ne a inda gwamnati ta kashe kasuwa gaba ɗaya ta riƙe kowace ƙwayar hatsi. Wanda ke kiran a mai da komai hannun hukuma, sai ya fara amsa wannan.

Sai dai abin da aka kawo wa Afirka a shekarun 1980 ya wuce abin da malaman suka faɗa. Hayek kansa, a littafinsa na 1944 da ya yi don yaƙar gurguzu, ya yarda cewa al'umma na iya lamunce wa kowa mafi ƙarancin abinci da sutura da matsuguni. Milton Friedman na jami'ar Shikago, wanda aka fi sani da ƙin hannun gwamnati, ya ba da shawara a 1962 cewa wanda samunsa bai kai wani mizani ba baitulmali ya cika masa da tsabar kuɗi. Almajiran da suka sauka a filayen jiragen Afirka da jakunkunansu sun baro waɗannan shafuka a gida. A 1981 Bankin Duniya ya fitar da rahoton Elliot Berg, masanin da ya yi nazarin cinikin hatsi a Sahel, a matsayin raddi ga shirin Legas da shugabannin Afirka suka amince da shi a 1980. Saƙon rahoton shi ne ciwon Afirka gwamnatocinta ne. Kuɗin yuraniyom ya faɗi, bashi ya hau wuya, Nijar ta sa hannu da asusun FMI a 1983, da Bankin Duniya a 1986. Aka karɓe cinikin hatsi daga hannun OPVN aka bar shi da gadin rumbun tsimi, SONARA ta mutu, bankin BDRN ya rufe a 1990, a watan Janairu na 1994 kuma aka raba darajar sefa biyu a taron Dakar. John Williamson ya jera sharuɗɗan guda goma a 1989 ya raɗa musu sunan matsayar Washinton. Masana ƴan Afirka irin su Adebayo Adedeji da Samir Amin da Thandika Mkandawire sun yi ta gargaɗi, amma mai bin bashi ba ya zuwa don sauraron lacca.

A shekarar nan ta 1981 da rahoton Berg ya fito, wani littafi ya fito wanda da an karanta shi da irin wannan himma da an tsira da rayuka. Marubucinsa Amartya Sen, ɗan yankin Bangal na Indiya, yana ɗan shekara 9 ya ga yunwar 1943 da idonsa, wadda ta kashe tsakanin mutum miliyan 2 da miliyan 3. Abin da ya tsaya masa a rai tun yana yaro shi ne a cikin danginsa da abokan karatunsa babu wanda ya rasa abinci. Da ya girma ya koma kan alƙaluma, ya nuna cewa shinkafar da ke Bangal a 1943 ta fi ta 1941 yawa, alhali a 1941 ba a yi yunwa ba. Abin da ya faru shi ne kuɗin yaƙi sun cika birnin Kalkata, farashi ya yi tashin gwauron zabo, ladan ƙwadago a karkara bai bi sawunsa ba. Waɗanda suka mutu ƴan ƙwadagon gona ne da masunta da masu sana'ar hannu da wanzamai, wato masu sayar da ƙarfinsu su sayi abinci. Ya bi yunwar Wallo ta Habasha a 1973, ya tarar ana fitar da hatsi daga lardin zuwa birane lokacin da mutanensa ke mutuwa. Ya bi ta Bangaladash a 1974, shekarar da abinci ya fi na shekarun da ke kewaye da ita yawa. Ya keɓe babi ga farin Sahel na farkon shekarun 1970, inda makiyayi ya ga dabbarsa na zubar da daraja a daidai lokacin da hatsi ke hawa.

Tambayar da Sen ya canza ita ce gaba ɗayan aikinsa. Magabata na tambayar ton nawa ke cikin ƙasa. Shi kuwa ya ce a tambayi kowane gida me yake da shi da zai musanya da abinci, kuma tiya nawa abin zai sayo yau. Kasuwa ba ta jin kukan ciki, aljihu take saurare. Inda aljihu ya bushe, hatsi zai hau mota ya tafi inda kuɗi suke, kuma a ƙa'idar ciniki ba a yi kuskure ba. Ba sai ɗan kasuwa ya zama mugu ba kafin haka ta faru, ko da yake mugayen ma akwai su.

Mai karatu ya auna 2005 da wannan ma'auni. Fari da fara sun taɓa damanar 2004, gaskiya ne, amma girbin hatsi bai gaza matsakaicin shekaru biyar da suka gabata ba sai da wajen kashi ɗaya cikin goma, giɓin da aka ƙiyasta kuwa ton 223,000 ne. Nijar ta sha ganin giɓi irin wannan ba a kafa tantuna ba. Abin da ya bambanta shekarar shi ne farashi. Hatsi ya yi tsada a arewacin Najeriya, inda a kullum ake cike giɓin Nijar, sai motoci suka juya kudu. Burkina Faso da Mali suka tare fitar da hatsinsu, duk da yarjejeniyoyin ƙungiyoyin yankin da suka haramta haka. Buhu ya ninka fiye da sau biyu har ya kusanci jika 30 a wasu kasuwanni. Ciyawa ta yi ƙaranci, makiyaya suka zubar da bisashe a farashin wulakanci. A kudancin Maraɗi, inda jama'a ta yi yawa gonaki suka tsuke, magidanta da yawa sun daɗe da zama masu sayen cimaka rabin shekara: su sayar da kaka don biyan bashi da lanho da hidimar aure, su sake sayen hatsin nan nasu da bazara a ninki. Mata suka koma ga anza da jiga da tafasa. Rumbun tsimi na ƙasa kuwa abin da ke cikinsa bai kai ko kusa da abin da aka tsara ba. Wato kasuwar da aka ce kada rabon kyauta ya ɓata, maƙwabta sun riga sun datse ta ta gabas da yamma, talakan Nijar kaɗai aka bari ya kiyaye mata ladabi.

Kamar wannan bai isa ba, dokar kasafin kuɗin 2005 ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin 100 a kan garin alkama da madara da sukari da ruwan famfo da lantarki, don a cika alƙawarin tara kuɗin shiga da aka yi wa FMI. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Da ƙungiyoyin farar hula masu yaƙi da tsadar rayuwa ba su cika titunan Yamai a watan Maris ba, suka rufe garuruwa, har aka tsare shugabanninsu, da ba a janye mafi yawan harajin a watan Afrilu ba. Uwar da ta kai ɗanta likita a shekarar kuma sai ta biya kuɗin gani da na magani, bisa tsarin da ya biyo bayan taron Bamako na 1987 da shawarar masanan Bankin Duniya cewa biya na hana almubazzaranci. Ba a ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara biyar wannan kuɗi ba sai a 2006, bayan an gama binne waɗanda za a binne.

Masu kare aƙidar na cewa rabon kyauta na kashe zuciya kuma yana karya manomi. A watan Yuli wane manomi ke da hatsin sayarwa da za a karya? Wanda ke da buhuna a sito a wannan lokaci ɗan kasuwa ne. Kuma Sen bai taɓa cewa a kori ƴan kasuwa ba. A littafin da ya rubuta da Jean Drèze a 1989 sun yaba abin da jihar Maharashtara ta Indiya ta yi a farin 1972 zuwa 1973: gwamnati ta ɗauki mutane kusan miliyan 5 aikin hanya da madatsun ruwa, ta biya su tsabar kuɗi, ƴan kasuwa da kansu suka bi kuɗin da motocin hatsi daga wasu jihohi. Hukuma ta cika aljihu, kasuwa ta yi dako. Bankin Duniya da kansa ya dawo kan wannan hanya, a 2011 ya fara ba da kuɗin shirin tallafa wa gidaje marasa ƙarfi da tsabar kuɗi a Nijar. Shekara talatin ke nan tsakanin fitowar littafin Sen da wannan tuba.

Amma shi ma Sen Nijar ta ba shi aikin gida. Sananniyar maganarsa ita ce ba a taɓa yin babbar yunwa a ƙasar da ke da zaɓe na gaskiya da jaridu masu ƴanci ba, domin mai neman ƙuri'a ba ya iya toshe kunne. To, a 2005 Nijar na da shugaban da aka sake zaɓa a watan Disamba na 2004, tana da majalisa da ƴan adawa da gidajen rediyo masu zaman kansu. Duk da haka shugaba Tandja Mamadou ya shaida wa BBC a watan Agusta cewa babu yunwa a ƙasarsa, a 2008 kuma aka dakatar da aikin reshen Faransa na MSF a Maraɗi. Gwamnatin da ta fito fili ta amsa cewa akwai yunwa ta nemi agaji da wuri ita ce ta soja, ta Salou Djibo, a 2010. Masana na ta gardama ko abin da ya faru a 2005 ya kai a kira shi babbar yunwa ko bai kai ba, gardamar da uwar da ta rasa ɗa ba ta da lokacinta. Abin da ya bayyana dai shi ne ƙuri'a ba ta da nauyi sosai idan gwamnati ta fi jin tsoron mai ba ta bashi a kan mai zaɓenta, kuma yaro ɗan shekara biyu a ƙauyen Gidan Runji ba ya zanga-zanga.

Idan kura na maganin zawo ta yi wa kanta. A shekarun da ake hana Nijar tallafa wa manominta, Amurka na zuba wa manoman audugarta kimanin 25,000 tallafin da ya haura dalar Amurka miliyar 3 a shekara, har Benin da Burkina Faso da Mali da Cadi suka kai kuka taron ciniki na duniya a Kankun a 2003. Tarayyar Turai ba ta taɓa barin manomanta a hannun kasuwa ba tun da ta kafa manufar noma ta bai ɗaya a 1962. Da bankunan Amurka suka durƙushe a 2008, majalisarsu ta ware dala miliyar 700 cikin ƴan makonni, tsoron cewa rabon kyauta zai saba wa masu banki da zaman jiran sadaka bai hana ba. Joseph Stiglitz, wanda ya riƙe muƙamin babban masanin tattalin arziki na Bankin Duniya, ya fito a littafinsa na 2002 ya tona yadda ake rubuta wa ƙasashe magani iri ɗaya ba a duba majinyaci ba. A 2016 wasu masana uku na FMI suka wallafa a mujallar asusun cewa an zuzuta amfanin tsuke bakin aljihu da sakin zirga-zirgar jari fiye da kima. An yi gyara a takarda, ba a biya diyya ba.

Malaman makaranta ba ƴan kallo ba ne a wannan labari, a jikinsu aka yi gwajin. George Psacharopoulos, masani a Bankin Duniya, ya yi lissafin cewa kuɗin da aka zuba a firamare sun fi na jami'a riba, daga nan aka samu hujjar matse jami'o'in Afirka da tallafin ɗalibai. Shirin gyaran ilimi da aka ƙulla da bankin na cikin abin da ya fito da ɗalibai ran 9 ga Fabrairu 1990, ranar da aka harbe uku daga cikinsu a gadar Kennedy. Wani lissafin ya ce albashin malamin Sahel ya yi yawa idan aka gwada da arzikin ƙasarsa, sai aka fara ɗaukar malaman sa-kai a 1998, waɗanda suka zama ƴan kwantaragi, da albashin da bai kai rabin na cikakken ma'aikaci ba, har suka zama su ne mafi yawa a azuzuwan firamare. Yara sun ƙaru a makaranta ƙwarai, wannan ba a musunsa. Ko sun iya karatu da rubutu in sun fita, wannan malamai sun fi kowane masani sani. Malamin da albashinsa ke makara wata biyu, yana cin bashin tiya wurin mai awo, shi ne kuma ake ba littafin da ke cewa farashi na daidaita kansa tsakanin mai saye da mai sayarwa, ya koyar da shi ba tare da sunan Temple ko na Sen ba.

Jarabar ba ta ƙare ba, ta canza riga ne kawai. Bayan juyin mulkin Yuli 2023, takunkumin CEDEAO ya rufe iyakokin Najeriya da Benin, tsofaffin da suka ga 1984, shekarar da Buhari ya rufe iyaka ana tsakiyar fari, suka tuna abin da suka sani. A watan Oktoba na 2024 hukumomin Yamai suka hana fitar da hatsi zuwa waje in ban da Mali da Burkina Faso, wato matakin nan da maƙwabta suka ɗauka a kan Nijar a 2005. Mai saye a birni ya ji sauƙi. Manomin Madarunfa da ke da rarar buhu biyar, wanda kasuwarsa ta gado ita ce Jibiya, an rage masa masu saye a daidai lokacin kaka da farashi ke ƙasa, kuma idan bazara ta zo shi ne zai koma layin masu awo.